Bilic Ba Gero Ba Ne, Kada A Tara Shi

'Yan'uwa manoma na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, akwai masu ba da shawara ƙungiya ta sayi bilic na shekara guda, wai don sari ya fi araha. Ni ban goyi bayan wannan ba.

Gero yakan shekara a rumbu lafiya, bilic kuwa tun ran da aka ɗura shi a kwalba yake raguwa. Kulorin ɗin da ke ciki yana rikiɗa sannu a hankali, ya koma gishiri da waɗansu abubuwan da ba su kashe ƙwayar cuta. In zafi ya ƙaru da digiri 10, lalacewar takan ninka wajen sau uku. To, ku dubi ɗakin kwano a watan Afrilu! Hasken rana da tsatsa su ma suna cinye ƙarfinsa. Abin tsoron shi ne kwalbar tana nan cike, uwargida ta zuba a randa ta saki jiki, alhali ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba.

Ku sayi na wata uku kawai, marar turare, ku rufe sosai, ku ajiye a inuwa. Bayan minti 30 da zubawa, in ruwan bai yi ɗan warin kulorin ba, ku tafasa shi.