A Yi Lissafi Kafin A Sayi Na'urar Riƙe Wuta

'Yan'uwa manoma, yau ƙungiyoyinmu da yawa ba a littafi kaɗai suke ajiye lissafi ba. Sunayen mambobi, bashin taki da kuɗin adashi duk suna cikin kwamfutar da ke gidan magatakarda. Wutar lantarki kuwa ba ta sallama kafin ta tafi. In ta ɗauke ana cikin aiki, abin da ba a adana ba ya ɓace ke nan, wani lokaci ma kwamfutar ta sami lahani. Ranar biyan bashi in babu lissafi, sai gardama ta shiga tsakanin 'yan'uwa.

Don haka ne ake sayen na'urar nan da ake kira UPS. Akwati ne mai batir a ciki, wanda ke karɓar aiki nan take in wuta ta ɗauke. Ra'ayinmu shi ne kada a saye ta don araha, kada kuma a ruɗu da babbar lambar da ke jikin kwali. Araha ba ta ado.

Na fari, a san nauyin kaya. Da wat ake auna cin wuta. Kwamfutar tebur ta aikin lissafi tare da allonta ba ta cika wuce wat 200 ba. A ƙara kashi ɗaya cikin huɗu don kada na'urar ta yi aiki a takure. Ya zama wat 250.

Na biyu, lambar da aka rubuta VA a gefenta ba wat ba ce. A ƙananan na'urori, wat yakan zama kamar kashi 60 cikin 100 na wannan lamba. Mai VA 650 tana ɗaukar wat 390 ko ƙasa da haka kaɗan, ta ishi kwamfuta ɗaya. In biyu ne, a nemi mai VA 1000.

Na uku, ƙarfi daban, daɗewa daban. Kowane manomi ya san nauyin da jaki zai ɗauka ba shi ne nisan da zai kai ba. Batirin ƙaramar UPS ɗan ƙarami ne, mai bolt 12. Mintoci kaɗan zai ba mu, don mu adana aiki mu kashe kwamfuta a tsanake. Wanda ke son aikin sa'o'i sai ya nemi inbata da babban batir da faifan sola, ko ya sayi kwamfutar cinya. Ita wat 45 zuwa 65 ya ishe ta, ga kuma batirinta a jiki.

Kada a jona mata firij, ko dutsen guga, ko injin buga takarda irin na laser. Sun fi ƙarfinta. A ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa share ƙura lokacin hunturu. Batirinta yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma zafin bazara yana rage masa kwana. Bayan 'yan watanni a cire ta daga bango a ga ko tana riƙe wuta.

Muna roƙon shugabanni su kawo wannan magana a taro mai zuwa. Kuɗin na mambobi ne, da gumi aka tara shi. A je kasuwa da lissafi a rubuce, kuma kada a yar da littafin takarda.