Nijar da Nijeriya: Halin da kasuwar kube ta shiga

Masu iya magana kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ke sayar da kayan dukawa a Illela ko Ƙwanni, Jibiya ko Maraɗi, Maigatari ko Magarya, ya san cewa kuben wuƙa guda ɗaya aikin ƙasashe biyu ne. Fatar jar akuya daga Maraɗi ko Sakkwato take fitowa, majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, baduku a Damagaram ko Kano ya ɗinka ya yi mata geza da tuntu, sannan a jera mata 'yan duwatsun ado, waɗanda mafi yawansu daga ƙasashen waje ake shigo da su. Kafin kuben ya isa hannun makiyayi, sau da yawa kayan haɗinsa sun ƙetara iyaka fiye da sau ɗaya.

Wannan ne ya sa duk lokacin da shugabanni suka samu saɓani, wannan ƙaramar sana'a ke cikin na farkon jin jiki. Idan ba mu manta ba, a watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, daga baya suka sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigarwa ƙasashensu. Harajin ba shi da yawa a takarda, amma mu da ke bakin iyaka mun san abin da ke cinye riba shi ne yawan shingaye da kwanan da kaya ke yi a hanya.

Matsala ta biyu ita ce canji. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen Naira 460, amma a 2024 ta haura Naira 1,500, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na Yuro. Saboda haka kuben Agadas ko na Damagaram ya yi wa mai riƙe da Naira tsada, shi kuma badukun Kano yana sayen duwatsu da zare da tsada. Ga fata ita ma ta yi wuya: fatun awaki masu kyau suna tafiya kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa a wuce da su Italiya da Spain, fatar shanu kuwa masu ganda sun riga baduku zuwa mahauta.

Sai kuma babbar tambaya: wa zai saya? A da dukawan Agadas da maƙeranta sun dogara sosai ga Turawa 'yan yawon buɗe ido, masu sayen takobi da wuƙar damtse don rataye a bango. Tawayen 2007, da soke tseren motoci na Dakar a 2008, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, su suka kore su. Ko da UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin ba su dawo kamar da ba. A ɓangaren Nijeriya ma haka zancen yake. A Disambar 2024 UNESCO ta karrama hawan Sallah na Kano, amma saboda rikicin masarauta 'yan sanda suka hana hawan a babbar Sallar 2024 da kuma Sallolin 2025. Kowa ya san mahaya su ne manyan masu sayen kuben takobi da hamila da kayan doki.

Duk da haka, a ganinmu sana'ar ba ta mutu ba, mai sayenta ne ya canza. Bafulatani makiyayi bai daina rataya wuƙa ba, mahauci da maharbi suna buƙatar kube, kuma kowace shekara Buzaye da Bororo suna haɗuwa a Ingal da adonsu. A Nijar har gobe takobi ake bai wa zakaran kokawar ƙasa, gasar da aka soma tun 1975. Waɗannan mutane ba kayan rataye a bango suke nema ba. Suna son kube mai ƙwari, ɗinki mai kyau, duwatsun da ba za su zube a daji ba, da farashin da aljihunsu zai ɗauka. Kuma ba a otal ɗin Yamai ake samunsu ba, a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis da ire-irenta ake haɗuwa da su.

A nan ne aikin ya dawo kanmu 'yan kasuwa. Na farko, mu riƙa gaya wa dukawa abin da mai saye ke so, mu ba su kafin alƙalami su sayi fata lokacin layya, sa'ad da take da yawa. Na biyu, mu daina cuɗanya kuben roba mai kama da fata da na gaske muna sayarwa farashi ɗaya, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa. Na uku, a wannan zamani na rashin tsaro, wanda ya ɗauko buhun wuƙaƙe ya ja wa kansa tambayoyi a kowane shinge; ya fi sauƙi a yi safarar kube zalla, a bar wa maƙeran gari ƙirar wuƙa. Na huɗu, shugabannin kasuwanni na ɓangarorin biyu su zauna da kwastan da duwan a fayyace abin da ake biya a kan kayan hannu, a kuma riƙa ba da rasit.

Ga mahukuntan Abuja da Yamai kuwa, roƙonmu ɗaya ne. Duk abin da zai shiga tsakaninku, ku bar ƙofa a buɗe. Baduku ba ya iya ajiye iyalinsa wata takwas yana jiran sulhu, kuma yaron da ya bar rumfar mahaifinsa ya kama acaɓa ko ya tafi haƙar zinariya a Jado, da wuya ya sake riƙe basilla. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa wa kasuwa albarka.