Turken Akuya Shi Ne Bankin Talaka

Daga Wakilinmu

Makon jiya na je ganin gida, wani ɗan ƙauye ne a arewacin Kano wanda motar haya ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Na tarar da gwaggona, ƙanwar mahaifina, zaune a bakin turke ta yi tagumi. Cikin awakinta bakwai, biyar sun mutu a kwana goma. Ciwon ya fara ne da majina da kwantsa, bakinsu ya yi gyambo har ba su iya cin harawa, daga nan sai zawo mai wari, sai mutuwa. Babu abin da ba ta yi ba. Ta jiƙa bagaruwa ta ɗura musu, ta ba su ruwan kanwa, ta sa an sassaƙo mata maɗaci, daga bisani ta aiki jikanta kasuwa ya sayo kafso ja da rawaya. Ofishin malamin dabbobi da ya fi kusa da su ya kai nisan mil 12, kuma da yaron ya taka keke ya je, sai ya iske ƙofa a garƙame. Da na yi mata jaje, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba awakin ne suka dame ni ba, auren autata ne da na ɗora a kansu."

Wannan magana tata ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura mu ma'aikata da 'yan makaranta muna da wata ɗabi'a. In ana zancen arzikin ƙasa, sai mu riƙa ambaton man fetur da manyan gonaki da tarakta. In kuwa aka ambaci akuyar tsohuwa da ruwan bagaruwa, sai mu yi murmushi, wai wannan harkar ƙauyawa ce. Alhali kuwa da yawanmu da kuɗin akuya aka saya mana allo da littafi, da kuɗin rago aka biya mana jarrabawa.

Bari mu dubi yadda ƙaramar gona take tafiya. Magidanci yana da eka biyu ko uku, ya shuka gero da dawa, ya ratsa wake ko gyaɗa a tsakani. Damina wata huɗu ce, wani lokaci ba ta ma kai ba, amma ciki kullum yana neman nasa har wata goma sha biyu. To, me ke cike wannan giɓi? Dabba ce. Gona ta ba dabba harawa da kara da ƙaiƙayi, turmi ya ba ta dusa, ita kuma ta mayar wa gona da taki, wanda ake kwasa a mangala a aza wa jaki tun kafin ruwan shuka. A tsakiyar rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare ƙaf, sai gawo ya yi kore ya zubar da 'ya'yansa, shi ya sa manomin kirki ba ya sare gawon da ya tsiro masa a gona. Kaza tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa ta haifi tagwaye, kuma in ta sami kulawa takan haihu sau uku a shekara biyu. Wane banki ne zai ninka wa talaka ajiyarsa haka, ba takarda, ba sa hannu, ba bin layi?

Kowace dabba da ranarta. Kaza ta baƙo ce da kuɗin maganin yaro in zazzaɓi ya tashi da dare. Akuya ta suna ce da kayan ɗaki da kuɗin makaranta. Rago ana turke shi domin Babbar Sallah. Shanun huɗa kuwa, ga wanda Allah Ya hore wa, su ne taraktarsa, su ne kuma motarsa in ya ɗaura musu amalanke. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ƙananan dabbobin nan, kaji da awaki da tumaki, akasari na mata ne. Su ke tashi da asuba su share turke, su ke dama dusa, su ke tura yara yankan ciyawa da damina sa'ad da aka ɗaure dabbobi don kada su yi ɓarna a gonakin mutane. Saboda haka in annoba ta shiga turke, ba maigida take fara kayarwa ba, uwargida ce.

Yanzu sai maganar maganin gida. Ni dai ban yarda da masu cewa duk camfi ne ba. Tokar murhu da ake barbaɗa wa akurki tana rage ƙwarƙwatar kaji. Ganyen darbejiya da ake shimfiɗawa a rumbu yana korar ƙwari. Kanwar da ake ba dabba tana cike mata gishirin da ciyawa ba ta da shi. Bagaruwa tana da ɗacin nan mai ɗaure baki wanda majema ke jeme fata da shi, kuma shi ne ke tsai da ƙaramin zawo, ya busar da gyambo. Maɗaci ma masu bincike a jami'o'inmu sun gwada sassaƙensa, sun ga lalle yana taɓa tsutsar ciki. Wannan ilmi ne da kakanni suka tara ta hanyar gwaji da asara, ba a banza ya kai yau ba. Kada mu manta, maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci suka fi dogara da shi yanzu, daga wani ganye ɗan'uwan tazargade aka fitar da shi a ƙasar Sin, bayan da masana suka koma cikin tsofaffin littattafan magungunan gargajiyarsu, har matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta sami lambar Nobel a 2015. Su ba su yi wa na kakanninsu dariya ba, sun kai shi ɗakin gwaji.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Maganin gida yana da rauni biyu. Na farko ba shi da ma'auni: abin da wannan za ta jiƙa da ludayi, waccan da ƙwarya za ta jiƙa shi, kuma ɗan akuya da bunsuru duk ɗauri ɗaya ake yi musu. Na biyu, wanda ya fi muni, akwai cututtukan da babu saiwa ko sassaƙen da ke jin su, kai ko allurar asibiti ba ta warkar da su in sun riga sun kama. Sai dai a riga su. Abin da ya kashe awakin Gwaggo yana cikin waɗannan.

Tarihin shanu ya isa ya zama darasi. Wajen 1890 ciwon bushiya ya ratso ƙasashen nan ya share garkuna, har dattawan Fulani suka riƙa kiran wannan annoba da sunan Sannu, saboda yawan jaje. Babu irin jiƙon da ba a gwada ba. Abin da ya kawo ƙarshenta allurar rigakafi ce. An kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom ta ƙasar Filato a 1924, sannan a 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai suka shiga yi wa shanu allura garke garke. Da aka ga abin ya lafa sai aka yi sakaci, ciwon ya sake ɓarkewa a 1983 ya yi mummunar ɓarna, aka sake ɗaura ɗamara. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaron da ake haifa a ruga yau sai dai ya ji labarinta.

To, bushiya ta bar ƙanwarta a baya, wato annobar awaki da tumaki wadda likitoci ke kira PPR. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa a 1942, kuma alamunta su ne waɗanda na lissafa a farko. Ga wani abin mamaki: allurar rigakafin da ƙasashe da dama ke amfani da ita a kan wannan cuta, daga ƙwayar cutar da aka samo a jikin wata akuyar Nijeriya a 1975 aka sarrafa ta. Tsira guda tana kare dabba shekaru. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Abijan suka ɗauki alkawarin kawar da cutar kafin ƙarshen 2030. Akuyarmu ta ba duniya magani, amma akuyar Gwaggo ta mutu ba ta taɓa ganin allurar ba. Haba jama'a!

Haka zancen kaji yake. Kowace shekara da zarar hunturu ya kama, sai ka ga kaji suna gyangyaɗi, suna kashi kore, wuyansu ya murɗe, a wayi gari akurki ya zama kango. Mata su zuba barkono a ruwa, su jefa gautan kaji, wanda ya tsira a ce magani ya ci, wanda ya mutu a ce kwana ya ƙare. Wannan ita ce cutar Niyukasil, kuma a Vom ana yin rigakafinta, har da wani iri mai jure zafi wanda ake ɗiga wa kaza a ido, ɗigo ɗaya, a maimaita bayan kamar wata huɗu. Ba ya bukatar likita, yarinya mai hankali za ta iya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba jiƙe-jiƙen kakanni ba ne, sabon maganin gida ne wanda kasuwa ta kawo. Dabba ta yi ƙazuwa, a shafe ta da baƙin man mota. Kaza ta yi mura, a fasa mata kafson mutane a ruwa, gobe a ci ƙwanta ko a yanka ta, da haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har ranar da ɗan mutum zai bukace shi ya ƙi ci. Wake kuwa, maimakon toka da barkono na da, sai a yayyafa masa fiya-fiya. Wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Su sun ƙi, mu ne muke ci. Alhali ga buhun nan mai leda biyu a ciki wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, in an ɗaure shi tam ƙwaro yakan mutu don rashin iska, ba a zuba komai ba. Ledar da muke yasarwa a titi kuma ita ce ke cushe tumbin akuya, tana ci tana ramewa, a yi ta ba ta maɗaci ana zaton tsutsa ce, sai mahauci ya farke ciki a ga abin da ke nan.

Akwai kuma al'adar nan ta cewa a yi maza a sa wuƙa kada ta zama mushe. Na san zafin asara, amma dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, ba ta fiɗa ba ce, ta binnewa ce a rami mai zurfi. Ciwon saifa ke nan, yana kama mai fiɗa da mai ci, kuma a 2023 an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja.

Laifin wa? Ba na Gwaggo ba ne. Ita ta yi iyakar abin da ta sani, har ta nemi wanda ya fi ta sani ba ta same shi ba. Wanda bai ga asibiti ba, ba a zarginsa don ya tafi gindin bishiya. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, an yi na juyin noma a 1980, duk hankali ya tafi kan takin zamani da manyan injuna. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo. Madalla. Amma in aikinta ya tsaya kan manyan garkuna da kamfanonin madara, to turken bayan ɗaki yana nan inda yake.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kowace ƙaramar hukuma ta sa malamin dabbobi ya zauna a kasuwar ƙauye ranar cinta, da akwatin ƙanƙararsa, a sanar ta bakin dagaci da limami da gidan rediyo, a kuma yi haka kafin hunturu, ba bayan an fara kwasar gawa ba. Kwalbar rigakafi guda takan ishi dabbobin gidaje da yawa, kuma in an buɗe ta ba ta kwana, don haka tilas a tara unguwa rana ɗaya. Sannan a horar da mata su shiga gidaje, gama namiji baƙo iyakarsa zaure, dabbobin kuwa suna can ciki tare da masu su. Ɗalibanmu na fannin dabbobi da haɗa magunguna a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, in an yi hutu su zauna gaban tsofaffi da takarda, su rubuta wace saiwa, ga wane ciwo, gwargwadon yaya, su kai ɗakin gwaji a tace, mai amfani a yi masa ma'auni, mai cutarwa a faɗa wa mutane da Hausar da za su gane. Tsofaffin nan kullum raguwa suke yi.

Mu kuma ma'aikata da ke zuwa gida da atamfa da sabulu, babu laifi. Amma ni kaina sai da na ji kunya, don shekara nawa ina kai wa Gwaggo tsaraba ban taɓa tambayarta ko an yi wa awakinta allura ba. Da na dawo birni na sami wani likitan dabbobi na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce biyun da suka tashi daga ciwon ba zai sake kama su ba har abada, amma 'ya'yan da za su haifa kariyar nonon uwa wata uku zuwa huɗu kawai take yi musu. Ɗaya daga cikin biyun tana da ciki. Mun yi da shi cewa in ta haihu da wata huɗu, zan ɗauke shi a babur mu je, kuma na aika wa mai unguwa ya gaya wa matan gari kowa ta fito da nata.