Ƙofofin da Ke Cikin Hanjinmu



Duk lokacin da damina ta kankama kwalara ta ɓulla, za ku ji ma'aikatan lafiya na nanata cewa a ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari. Mutane da yawa na raina shi, wai ai ba allura ba ce. Da sun san aikin da yake yi a ciki, da ba su raina ba.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu kewaye take da wani siririn tantani na kitse, wanda gishiri da sukari ba sa iya ratsa shi. Kamar ganuwar birni ce, ba a shiga sai ta ƙofa. Ƙofofin nan da furotin aka yi su, kuma kowacce da irin abin da take bari ya wuce. Akwai ta ruwa zalla, wadda Peter Agre na Amurka ya gano a 1992, har ta kai shi ga lambar Nobel a 2003.

To, dafin ƙwayar kwalara yakan sa wata ƙofar gishiri da ke hanji ta tsaya a buɗe. Gishiri ya yi ta kwarara, ruwan jiki ya bi shi, har babban mutum ya iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya.

Amma cikin ikon Allah akwai wata ƙofar da dafin bai taɓa ba, wadda Robert Crane ya bayyana aikinta a 1960. Ita wannan ba ta shigar da sinadarin gishiri sai tare da sukari. In sun shiga, ruwa ya biyo su zuwa cikin jini. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Indiya, kwalara ta ɓarke, ruwan ƙari ya yi ƙaranci, sai Likita Dilip Mahalanabis ya koma ga wannan haɗi na gishiri da sukari. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4.

Sai dai ma'auni ba abin wasa ba ne. Sukari in ya yi yawa, janyo ruwa yake zuwa hanji, gudawa ta ƙaru, don haka lemon kwalba ba zai maye gurbin ruwan gishiri da sukari ba. In babu na fakiti, a samu tafasasshen ruwa lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Iyaye mata, don Allah ku fara bai wa yaro tun a zawon farko, kurɓi-kurɓi, kuna kan hanyar asibiti.