Matasan Lautai, Mu Zuba Labaranmu a Kundi Ɗaya

Yaushe rabonka da ka karanta labarin Hausa har ƙarshensa? Faɗi gaskiya. Da yawanmu mun fara labarin soyayya mai babi tamanin a waya, muka kai na goma sha biyu, sai data ta ƙare, ko aka ce sai an biya kafin a ga ci gaba. Shi ke nan, an rabu. Daga nan sai a ce matasa ba sa son karatu. Ni dai ban yarda ba. Miya ɗaya ake zuba mana kullum, kuma a ƙwarya mai zurfin da ba a ganin gindinta.

Shi ya sa nake son kundin gajerun labarai mai gauraye: na soyayya, na ban dariya, na ban tsoro, na binciken laifi, duk a bango ɗaya. Ka buɗe na farko bai yi maka ba? Tsallake, na biyu yana jiranka. Kafin a cika mota a tashar Gumel ka gama ɗaya. Wanda ya shigo don labarin aljanu zai ci karo da labarin zawarci, ya san abin da yayarsa ke haɗiyewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ai kundi ne irin wannan: aku yana ta jero labaran sarakuna da ɓarayi da wawaye, amma zare ɗaya ya ɗaure su. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kuma ta nuna cewa mata suna iya faɗin babbar magana a kalmomi 1,500.

To, ina namu? Dubi ƙasar Gumel. Ranar Alhamis ɗaya a kasuwar Maigatari, tsakanin dillalan shanu da masu raƙuma daga Nijar da 'yan canjin sefa, ta isa labarin damfara da na barkwanci. Rufe iyaka a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun bar labaran gidajen da tukunya ta daina hawa wuta, da dangin da shinge ya raba. Akwai manomin Gagarawa da batun gonaki da aikin rake. Akwai budurwa a Sule Tankarkar da ke tara kuɗin zoɓo don ta koma makaranta. In ba mu rubuta su ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta mana a karkace, ko su bi tsofaffinmu kabari.

Na san abin da za ka ce: gauraye yana iya zama kwamacala. Gaskiya ne. Labari goma marasa gyara ba kundi ba ne, tarkace ne. Maganinsa edita mai tsauri wanda ba ya jin kunyar ce wa abokinsa "koma ka sake", da kuma zare ɗaya. Namu zaren a shirye yake: ƙasar nan tamu.

Ga shawarata. Ku haɗu ku goma, maza da mata, daga ƙananan hukumomin nan huɗu. Kowa ya ɗauki nau'in da yake so, shafi biyar ya wadatar. Ku kai wa malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel su duba muku ƙa'idar rubutu. In kuɗin ɗab'i ya gagara, ku fara fitar da shi a waya.

Kai da kake cewa ba ka da lokacin rubuta littafi, ke da kike ɓoye rubutunki a bayan littafin lissafi, ba littafi aka ce ku kawo ba. Shafi biyar ne. Ku fara a daren nan.