A Bar Yara Su Kwaɓa Ƙasa

Duk wanda ya bi ta Unguwar Rimi ko Malali a Kaduna da ƙarfe bakwai na safe ya saba ganinsu: yara 'yan shekara uku, jaka ta fi ƙarfin bayansu, ana cusa su a Keke Napep zuwa nazare. Su dawo da aikin gida, malamin lesin ya zo da yamma, a ƙarshe a miƙa musu waya don su yi shiru. Ranar kuwa da yaro ya zauna a tsakar gida yana tuwon ƙasa, sai ka ji tsawa: "Tashi, ƙazami!" A ganina, darasin da ya fi masa amfani a wannan shekarun shi muke korarsa daga kai.

Ba cewa nake a cire yaro daga boko ko Islamiyya ba. Cewa nake kafin ya kai shekara shida, gida ne ajinsa na kimiyya, kuma kayan aikin suna nan a madafa.

A gidana da ke Unguwar Dosa, nakan zuba wa jikokina zoɓo a kofi uku. Su matsa lemun tsami a na farko, ja ya ƙara haske. Su ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take ya rikiɗe ya yi duhu. Na ukun a bar shi yadda yake, don a kwatanta. Ba na gaya musu dalili da wuri. Tambayarsu nake, me kuke zaton zai faru in muka zuba ruwan toka? Sai gardama ta kaure, sai a gwada. Wannan zaton da gwajin, da kofin da aka bari ba a taɓa ba, su ne ginshiƙin abin da za a koya musu a sakandare da manyan kalmomi. Haka nan wake a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado. Haka nan sanda a kafe a tsakar gida, ana zana inuwarta daga hantsi zuwa la'asar, yaro ya gane da idonsa yadda kakanninsa suke sanin lokacin salla ba agogo.

Kada a raina irin wannan. Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya tashi a gidan masu ginin tukwane, sanin da kowa ya yi wa randa na sanyaya ruwa shi ya ɗauka ya faɗaɗa. Ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan yana tsanewa yana tafiya da zafi, kayan lambu su daɗe ba su lalace ba, babu wutar lantarki. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a nan Kaduna a 1966, da zanen motoci ya fara tun yana yaro, har ya kai ga zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu da muka ƙera motar kara da ta langalanga, muka ɗinka wa 'yar tsana kaya, mu ne yau muke saya wa yara motar roba mai batir, in suka ɓalle ta don ganin cikinta mu doke su. Alhali a kasuwar Panteka ta Tudun Wada, hannun da ya iya kwancewa da haɗawa shi ke ciyar da dubban gidaje.

Akwai iyaka, tabbas. Wuta, kananzir, soket da magunguna ba na wasa ba ne, kuma dole babba ya kasance a kusa. Sauran kuwa, wankin riga ne kawai.

Iyaye mata da maza, ku ware wa yaranku lungu guda a gida, da yashi, da kwali, da muraffan kwalba. Ranar Asabar ku kai su gidan tarihi na titin Ali Akilu su ga gumakan Nok na yumɓu, in kun dawo ku ba su laka su gwada nasu.