Waƙar Gawo Ba Ta 'Yan Ƙoshi Ba Ce

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a tsakanin masu sharhin adabinmu, wai waƙar yabon itace da kogi da tsuntsu aikin Turawa ne da suka ci suka ƙoshi, mu da yunwa ke bi kuwa a bar mawaƙi ya yi wa'azi ko ya caccaki shugabanni. Mai wannan magana bai taɓa tsayawa ya dubi gawo ba. Da damina yake zubar da ganyensa, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani ya yi kore shar, awaki da shanu su rayu da 'ya'yansa. Shi ya sa sarakunan Damagaram suka kafa dokar hana sare shi tun a ƙarni na 19. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram sun rungumi sassaben zamani, suna barin kututture ya toho maimakon a tumɓuke shi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo gonakin Nijar. Wanda ya waƙe gawo, maganar tuwo yake yi.

Za a ce waƙa ba ta dasa itace, kuma gaskiya ne. Amma doka ba ta bin mai gatari cikin daji. Kunya ce ke bin sa, ita kuwa kunya baki ne ke shuka ta. Makaɗan noma irin su Ɗan Anace sun sa samari sun zuba ƙarfinsu a gona saboda kirari kawai. Harshen da ya iya ɗaukaka mai garma zai iya ƙasƙantar da mai kwashe daji yana loda gawayi a mota.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu tsoron kada girmama itace ya koma tsafi. Ina girmama wannan tsoro, amma ba a nan ya dace ba. Alƙur'ani yana da surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da ɓaure, kuma ya kira halittu ayoyi ga masu tunani. Hadisi ya umarci wanda tashin ƙiyama ya riska da dashe a hannu ya dasa shi. Mawaƙin da ya kira kuka da tsamiya da ɗorawa da sunansu, ya ce amana ce a hannunmu, yana kan wannan turba, kuma shi ya kamata gidajen rediyonmu su riƙa sakawa kafin lokacin sassabe.